Makarantu Sun Tantance 'Ya'yanmu, Saura Mu Tantance Kanmu

 

Duk shekara in damina ta yi nisa, hirar ƙofar masallacin nan takan canza. Ka ga mutum biyu sun tsaya wajen ajiye takalma, kafin su taɓo farashin citta a kasuwar Kubacha sai sun taɓo maganar makaranta. Yara sun rubuta jarrabawar shiga sakandare, makarantun kuɗi sun kira su intabiyu, takardu sun fara fitowa, ga Satumba ta ƙarato. Wani ɗansa bai samu ko'ina ba, yana ta buga-buga. Wani kuwa ɗansa ya ci wuri biyu ko uku, kuma abin mamaki shi ne ya fi kowa rashin barci.

Daren Talatar da ta wuce, bayan Isha'i, ɗaya daga cikinmu ya tsayar da mu a kan irin wannan. Ya yarda mu rubuta abin da aka tattauna, da sharaɗin mu sakaya sunansa. Ɗan kasuwar citta ne, daga ƙasar Katsina ya zo Kagarko tun yana saurayi. Matansa biyu, 'ya'yansa 9. Yarinyar da ake magana a kanta 'yar fari ce a ɗakin amarya, shekararta 12, kuma kowa ya shaida kanta na ja. Makarantu uku ta ci. Ta farko ta kwana ce a Abuja, mai babban suna, kuɗin zangonta ɗaya ya kai abin da yake kashe wa sauran yaran gidan a makaranta shekara guda cur. Ta biyu ita ma ta kwana ce, ta wajen Zariya, ana haɗa kimiyya da haddar Alƙur'ani, kuɗinta bai kai rabin na farko ba. Ta uku jeka-ka-dawo ce a nan kusa da mu, gini ba wani gini ba, mai ita Kirista ne tsohon malami, kuɗinta da sauƙi.

Ya shimfiɗa takardun uku a kan tabarma ya ce, "Don Allah ku gaya mini, wacce ta fi?"

Dattijon da ya girme mu duka bai ko taɓa takardun ba. Ya ce, "Ta fi ga wa, Alhaji? Ga yarinyar, ko ga gidanka, ko ga sunanka?"

Aka yi shiru. Tambayar nan ita ce ta sa muka ga ya kamata a rubuta wannan, domin ba shi kaɗai ta shafa ba. Makarantu sun gama nasu aikin, sun auna yaranmu da lissafi da Turanci, sun zaunar da su sun yi musu tambayoyi. Yanzu jarrabawar tamu ce, kuma tamu ta fi wuya, don ba mai gadinmu a cikinta sai Allah.

Bari mu fara wanke uban da ke neman makarantar kuɗi, kada a ce zaginsa muke yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Amma duk wanda ya leƙa wasu azuzuwan ya san me ake nufi da cunkoso. A 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Ko me mutum zai ce a kan yadda aka yi wannan aiki, iyaye da yawa daga ranar zuciyarsu ta bar makarantar gwamnati. To wanda ya ga hali ya ce zai biya, bai yi laifi ba.

Mu kuma da muke baƙi a nan, abin ya fi matsa mu. Ba mu da gonar gado a ƙasar nan. In ana neman takardar shaidar asali don guraben karatu ko tallafi, yawancinmu sai mun koma Katsina, ko Sakkwato, ko Zamfara. Wasunmu ma ƙauyukansu sun tashi saboda 'yan bindiga, babu inda za a koma. Abin da muke da tabbacin bar wa yaranmu shi ne abin da ke cikin kansu. Wannan niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada a kanta.

Amma akwai wata niyyar da ke raɓe a bayanta, kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya dukkanmu mun san ta. Baƙo yana son in ya je gida da Sallah a san ba zaman banza ya yi a Kudancin Kaduna ba. A da mota ce take wannan aikin, ko sabon gini a garinsu. Yanzu sunan makaranta ya shiga sahu. "Ina Hajiya ƙarama?" "Ai tana Abuja, tana makarantar kaza." Sai ka ji daɗi ya sauko maka har ƙafa. Wannan daɗin ba haramun ba ne a kan kansa, amma in shi ne ya riƙe alƙalamin da za a sa hannu, to an sayi abin ado ne da yarinya, an kira shi ilimi. Gwajin da muka ba ɗan'uwanmu mai sauƙi ne, kuma kowa na iya yi wa kansa a kan shimfiɗarsa: a ce babu mahaluƙin da zai taɓa jin sunan makarantar, ba a nan ba, ba a gida ba, wacce za ka zaɓa? In amsar ta canza, ka gano wanda ke zaɓen.

Sai lissafi. Takardar da makaranta ta ba ka ta zangon farko take magana, amma sakandare shekara 6 ce, zango 18. Kuɗin zangon farko kowa na iya nemo su, a ɗauki adashi, a sayar da sa, a karɓo wajen aboki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tambayar ita ce zango na 7 da na 12, lokacin da ƙannenta biyu su ma sun iso, kuma kuɗin makarantar ba su tsaya inda suke ba. Ban da kuɗin da ba a rubuta da manyan baƙi: inifam kala-kala, littattafai, kayan ciye-ciye, motar kaiwa da ɗaukowa, ranar ziyara, kuɗin WAEC da NECO a ƙarshe.

Mu a nan ba ma buƙatar a ba mu misali daga nesa. Shekarar 2023 tana nan a ranmu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. A daminar shekarar ce kuma annoba ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, gonaki suka ruɓe a ƙasa, manomi ya yi kuka, mai saye ya yi kuka. Ko makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya a shekarar sun ɗaga kuɗin sababbin ɗalibai daga Naira 45,000 zuwa 100,000, balle na 'yan kasuwa. Mun ga yaran da aka ciro daga manyan makarantu a tsakiyar aji biyu. Mu manya muna ganin abin kamar sauya sheƙa ne kawai. Ku tambayi yaron da aka kira sunansa a gaban aji aka ce ya ɗauki jakarsa ya tafi sai babansa ya biya. Ku tambaye shi yadda ya shiga sabuwar makaranta ana nuna shi, wai ga wanda ya faɗo daga sama. Wani yaron daga nan karatu ke fita ransa. Da an fara shi a wuri madaidaici ya gama lafiya, da ya fi masa.

Kuma ku lura da lokacin da ake neman kuɗin. A Satumba citta tana ƙasa, ba a fara tono ba, hannun manomi da na ɗan kasuwa duk a bushe. A irin wannan lokaci ne bashi mai ruwa ke ƙwanƙwasa ƙofa, yanzu ma har ta cikin waya yake zuwa. Ilimin da aka gina a kan riba da cin amanar abokin ciniki, wace albarka muke jira a cikinsa?

Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Ai Allah ne mai bayarwa, in an tsaya lissafi ba abin da za a yi." Gaskiya ne, kuma da yawanmu da hannu biyu muka zo garin nan Allah ya rufa asiri. Amma malamanmu sun koya mana cewa dogaro ga Allah yana zuwa ne bayan mutum ya ɗaure abin hawansa. Kuma akwai bambanci tsakanin ka yi kasada da jarinka da ka yi kasada da shekarun yarinya. Jari in ya karye ana sake tarawa. Shekara 13 ba ta dawowa.

Daga nan muka zo inda maganar ta yi zafi, wato adalci a cikin gida. 'Ya'yan uwargida maza biyu suna makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo, da ƙafa suke zuwa. In aka ɗauki 'yar amarya aka kai Abuja, akwatinta cike, mota ta zo ta ɗauke ta a gabansu, me aka rubuta a zukatansu? Ba za su yi magana ba. Sai bayan shekara 20, ranar rabon gado, za a ji abin da suka haɗiye.

Mun san labarin sahabi Nu'umanu ɗan Bashir. Mahaifinsa ya yi masa wata kyauta shi kaɗai, mahaifiyarsa ta ce sai an sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Da aka je, ya tambayi uban ko duk 'ya'yansa ya yi wa irin haka. Da ya ji ba haka ba ne, ya ƙi yin shaidar, ya umarce shi da daidaita tsakanin 'ya'yansa, uban ya dawo ya janye kyautar. Ɗan'uwanmu da ya ji an kawo wannan sai ya ce, "To ke nan ko dai in kai su duka, ko in hana su duka?"

A'a, ba haka malamai suka fahimta ba. Sun raba tsakanin kyauta da ciyarwa. Kyauta ana daidaitawa. Ciyarwa kuwa gwargwadon buƙata ce: mara lafiya a saya masa magani ba sai an raba wa masu lafiya kuɗin magani ba, babba a ɗinka masa rigar da ta fi ta ƙarami cin yadi. Karatu yana cikin ciyarwa. Yarinyar da Allah ya ba ƙwaƙwalwar da ke neman ɗakin gwaje-gwaje da malamin lissafi na ƙwarai, ba zalunci ba ne a kashe mata fiye da wanda hankalinsa ke wajen koyon gyaran mota, muddin shi ma an kai shi wajen ƙwararre an saya masa kayan aiki. Zalunci yana shigowa ne ta ƙofa biyu. Ta farko, in fifikon ya biyo ɗakin da aka haifi yaro, ba buƙatarsa ba. Ta biyu, in abin da aka ɗora wa ɗaya daga cikin kwanon sauran aka ɗebo shi, har aka rage musu littafi, ko magani, ko cefane. Sai muka tambaye shi: su yaran uwargida, an taɓa saya musu fom ɗin irin waɗannan makarantu suka faɗi? Ya sunkuyar da kai. Ba a taɓa ba. Lokacin da suka gama firamare kasuwa ba ta yi kyau ba, daga baya kuma ba wanda ya sake tayar da maganar.

Akwai hujjar da ake kawowa a nan, kuma ba ta banza ba ce. Ana cewa a tattara ƙarfi a kan mai hazaƙa ɗaya, in ya fita ya jawo sauran. Gidaje da yawa a Arewa haka suka tashi, yaro ɗaya ya tafi Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta zama Barewa a Zariya, ya dawo ya ɗauki dangi. Kuma kada mu yaudari kanmu, suna yana aiki. Wanda ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan manya yana da lambobin wayar da ɗan wani ba shi da su. Amma a duba abin da wannan tsari yake nufi: an ɗora wa yarinya 'yar shekara 12 bashin gida guda, ba a tambaye ta ba, kuma an sa 'yan'uwanta jiran abin da ba tabbas. In za a yi haka, a yi shi a fili. A tara iyayen ɗakunan biyu, a faɗi adadin kuɗin, a faɗi abin da aka tanadar wa kowane yaro. Abin da ba za ka iya faɗa a gaban uwargida da amarya a zama ɗaya ba, akwai magana a cikinsa.

Muna cikin haka dattijon nan ya sake jefo wata. Ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, da namiji ne ya ci makarantun nan, da ka zo neman shawara, ko da tuni ka biya?"

Wannan ta juya zancen gaba ɗaya, domin adalci kaifi biyu gare shi. Sau nawa muke tuna tsada da nisa da hatsarin hanya in mace ce, mu manta da su in namiji ne? Sau nawa ake cewa ai gidan wani za ta? Mu da muke alfahari da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mun san ya yi faɗa da malaman zamaninsa da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ita ta tsara 'yan taru, tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. A asibitocin Kagarko da Kafanchan kullum muna neman mace ta duba matanmu. Wa zai haifa mana ita? Saboda haka in za a hana yarinyar nan Abuja, a hana ta da dalilin da zai hana ɗan'uwanta namiji, in ba haka ba an zalunce ta ne da sunan adalci.

To, sai makarantun su kansu. Sun yi wa yaranmu intabiyu, mu me ya hana mu yi musu? Mukan je ranar da aka gayyace mu, an share fili, an jera furanni, mu ga ƙofa mai kyau da motoci masu fenti, mu dawo muna yabo. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A koma ranar da ba a sa ranmu ba. A duba banɗaki da rijiya da ɗakin girki, a ga inda ake kwantar da yaro in zazzaɓi ya kama shi da dare. A tambaya ko makarantar na da rajista da gwamnatin jiha, kuma a nan ɗalibanta ke rubuta WAEC ko ana kwasarsu zuwa wani wuri. A tambaya yara nawa suka fara aji ɗaya, nawa suka kai aji shida, domin akwai masu korar raunana kafin jarrabawa don sakamako ya yi kyau a allo. In an ce maka kowa da kowa ya ci, ba wanda ya faɗi ko darasi ɗaya, shekara da shekaru, kada ka yi murna tukuna. Mun san wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo. Wanda ya biya kuɗi don a yi wa ɗansa haka ya sayi takarda ya sayar da ɗan.

A kuma nemi malami ɗaya a gefe a tambaye shi, ana biyanku a kan lokaci? Malamai nawa suka bar nan bana? Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi a Naira 70,000, a ji ko mai koyar da 'ya'yanmu yana ganin ko kusa da haka. Gini ba ya koyarwa. Malamin da ke bin bashin wata uku, rabin hankalinsa na wajen mai shago.

Maganar tsaro kuwa ba sai mun tsawaita ba, a kan hanyar muke zaune. Mai zuwa Zariya daga nan sai ya fita ta Jere ya bi ta Katari da Rijana, kuma sau shida a shekara ke nan aƙalla, ban da ziyara. Ranar 30 ga Mayu 2021 aka kwashe ƙananan yaran Islamiyya a Tegina ta jihar Neja. Ranar 5 ga Yuli na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 120 a makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Ranar 7 ga Maris 2024 aka shiga makarantar gwamnati a Kuriga. Islamiyya, da ta coci, da ta gwamnati, ɓarayin ba su tambayi addinin kowa ba. Ba muna cewa a daina kai yara makarantar kwana ba ne. Muna cewa uba ya je da ƙafarsa ya ga inda take, cikin gari ne ko bakin daji, wa ke gadi, kuma in wani abu ya faru da tsakar dare wa za a kira.

Saura abin da ya fi damun ɗan'uwanmu game da makaranta ta uku: mai ita ba Musulmi ba ne. Damuwa ce da ta dace da uba. Amma a tuna bayan yaƙin Badar, fursunonin Makka da suka iya rubutu, waɗanda ba su da abin fansa, an sa su koya wa yaran Madina rubutu a madadin fansarsu. Lissafi da kimiyya ana karɓarsu daga wanda ya iya. Abin da za a tambaya a fili shi ne: za ta sa hijabinta? Za a ba ta lokaci da wurin sallar Azahar? Za a tilasta mata shiga ibadar da ba tata ba? In amsoshin sun yi, ga ta kuma tana kwana a ɗakin uwarta, tana zuwa Islamiyya da yamma, to tarbiyyarta tana hannunmu. Haka kuma allon da aka rubuta sunan Larabci a ƙofar makaranta ba shi ne tarbiyya ba. Akwai na ƙwarai sosai a cikinsu, akwai kuma wanda kasuwa ce ya buɗe ya sa mata rawani. Ita ma a yi mata tambayoyin da aka yi wa sauran.

Kuma mu da ke zaune tsakanin Koro da Gbagyi da Jaba da sauran maƙwabta, akwai wani abu da benci ɗaya ke koyarwa wanda ba ya cikin manhaja. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 a harabar kwalejin horon malamai ya fara, kuma manyanmu sun san inda wutar ta kai. Makaranta tana iya zama inda ake kunna wuta, tana iya zama inda yaro ke sanin cewa ɗan maƙwabcinsa mutum ne mai suna, mai uwa, mai jin yunwa kamarsa. Dalilin da ya sa aka faɗaɗa makarantun haɗin kai bayan yaƙin basasa ke nan, a zamanin Janar Yakubu Gowon. 'Ya'yanmu a nan za su yi kasuwa, a nan za su yi jinya, wataƙila a nan za a binne su. Sanin mutanen wurin ba ƙaramin ilimi ba ne.

Abu biyu kuma a gajarce, don suna faruwa a tsakaninmu. Na ɗaya, ƙarya a intabiyu. A cire yaro daga aji huɗu, a je kotu a yi rantsuwar ƙarin shekaru, a koya masa ya ce ya haddace izu goma alhali biyu gare shi, a ce ya faɗi wata sana'a ta babansa wadda ba ita ba. Gaggawar ma ba ta da amfani, tunda JAMB shekara 16 take nema kafin shiga jami'a. Amma babbar hasarar ita ce darasin farko da yaro ya koya a ƙofar sakandare, daga bakin ubansa, shi ne cewa ƙarya na buɗe ƙofa. Na biyu, riƙe gurbi. In ka yanke shawara, ka sanar da makarantun da ka bari. Akwai yaron da ke jerin masu jira, ubansa na duba waya kullum. Shirunka na mako uku zai iya cinye masa shekara.

Kafin mu tashi muka tambaye shi, ita yarinyar me ta ce? Ya ce bai tambaye ta ba. Muka ce ya tambaye ta, ba don a ɗora mata yanke hukunci ba, wannan nauyinsa ne, sai don ita ce za ta kwana a can. Ya yi istihara, ya zauna da iyayen ɗakin biyu.

Jiya Alhamis ya dawo mana da abin da ya yanke. Yarinyar za ta fara a ta kusa, ta yi ƙaramar sakandare a gaban iyayenta. Abin da ya rage daga kuɗin da ya tanada ya raba shi uku: kaso ɗaya a ajiye mata don babbar sakandare ta kimiyya in ta gama aji uku, kaso ɗaya a ɗaukar wa yayyenta malamin lissafi da Turanci kafin jarrabawarsu ta fita, kaso ɗaya na ƙannen da ke tafe. Ya kira makarantun biyu ya ce su ba wasu. Ba a yi wannan ba tare da ciwo ba. Ashe yarinyar Abuja take so, ta yi kuka, ta ɗauki takardar ta adana a ƙasan akwatinta. Mahaifiyarta ta ce masa, "Alhaji, Allah ya ba ta, kai ka hana ta." Ya ce maganar nan ta hana shi barci fiye da lissafin kuɗin. Ba mu ce masa ta yi kuskure ba, domin mai yiwuwa akwai ƙofar da ta rufe wadda ba za ta sake buɗewa ba. Abin da muka ce masa shi ne alkawarin shekara uku da ya yi mata yanzu bashi ne a wuyansa, kuma mu shaidu ne, za mu tuna masa.

Ba muna cewa kowa ya yi yadda ya yi ba. Wani a cikinmu yana da halin Abuja ba tare da ya tauye kowa ba, ya kai, Allah ya sa albarka. Wani haddar ce ta fi dacewa da ɗansa. Ma'aunin dai ɗaya ne: makarantar da za ka iya riƙewa har zango na 18 da halalinka, wadda ka shiga da gaskiya, ka bincika da idonka, kuma za ka iya kare zaɓinta a gaban kowane ɗa da ka haifa, da gaban wanda ya ba ka amanarsu.

A ƙarshe, mu tuna yawancin waɗanda muke haɗa kafaɗa da su a sahu ba su da takarda uku da za su shimfiɗa a tabarma. Mai turin baro, da mai wankin citta, da wanda ya gudo da iyalinsa daga Zamfara, makarantar gwamnati ce tasu, wani ma ko ita bai kai ba. Mu rage yawan kiran sunayen makarantu da kuɗinsu a gabansu. Wanda Allah ya hore wa, in ya je biyan na ɗansa, ya tuna da inifam da littafin maraya ɗaya a layinsu. Matasanmu da suka gama NCE ko digiri suna jiran aiki, ga barandar masallaci babu kowa tsakanin La'asar da Magariba, a zo a yi magana da kwamiti.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare su a hanya da makwanci. Allah ya ba mu ikon yin adalci a gidajenmu, ya zaunar da Kagarko da Kafanchan da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum. Sai Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu.